Bindigogin Miflah Sun Fita Kiwo

A garinmu Tal Ballut, in kana zaune a shagon aski ka ji an ce "lokacin da nake soja", ba sai ka waiwaya ba, Miflah ne ya shigo. Kowa ya san irin sojan da ya yi. Ɗakin ajiyar barguna aka ba shi ya tsare, har ya bar aiki bai taɓa jin ƙarar harbi kusa da kunnensa ba. Amma in ya kama ba da labari, sai ka rantse shi kaɗai ya riƙe iyakar ƙasa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana shan shayi. Abu Rakan muke kiransa, da sunan babban ɗansa. Shi ya fi son a ce masa Kwamanda, sai dai har yau ba a samu wanda ya ce ba.

Abu ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa da ya tsaya da ƙafafunsa, shi ne filin wasan harbin fenti. Surukinsa Hajji Awwad ya ara masa wani tudu mai duwatsu wanda ko akuya ba ta marmarinsa. Miflah ya kewaye shi da dogon shingen waya, ya jibge tsofaffin tayoyi da ganguna a ciki, ya sayo bindigogi masu harba 'yan ƙwallayen fenti. Ranar hutu sai ka ga motoci daga birni, manyan mutane da tumbinsu sun rufe fuska sun rabu gida biyu, ja da shuɗi, suna laɓewa bayan tayoyi suna ɓata wa juna tufafi, su biya su tafi suna murna. Da farko dariya muka yi, daga baya muka ga abin yana ciyar da gida. Sharaɗi ɗaya Hajji ya kafa ranar da ya ba da tudun. Ya ce, "Ni ban taɓa zuwa wurin 'yan sanda ba, su ma ba su taɓa zuwa wurina ba. Ranar da suka zo saboda kai, ranar zan karɓe ƙasata, ka koma ɗaukar buhu a matsar zaitun."

Ran Miflah yana kan bindigogin nan. Baƙaƙe ne wuluk, masu nauyi, in ka hango su daga nesa ba ka raba su da na soja. Kowace safiya sai ya goge su ɗaya bayan ɗaya, har matarsa Intisar takan ce da ita ma baƙin ƙarfe ce da ta ga gata a gidan nan.

Wata rana yana kan kujerar Subhi mai aski, rabin fuskarsa duk kumfa, sai rediyo ta ce an fito da sabuwar doka. Duk abin da ya yi kama da bindigar gaske har mai wucewa zai iya tsorata, hukuma za ta ɗauke shi tamkar bindiga, ko dai a shafe shi da launi mai haske ko a ƙwace. Mai karanta labarai bai kai ƙarshen zancensa ba Miflah ya zabura ya miƙe.

"Launi mai haske! Ni? In shafa wa bindigogina ruwan lemo kamar motar sayar da alewa?"

"Zauna, Abu Rakan, reza ce a hannuna," in ji Subhi. "Bari mu ji ƙarshen maganar."

"Ƙarshen me? Wanda ya yi soja daga farkon magana yake gane ƙarshenta. Kashe abin nan, yana ɗaga mini hankali."

Subhi ya kashe, don mai biyan aski shi ke da rediyo. Wani dattijo da ke jiran layi ya ce, "Gwangwanin fenti biyu ai sun raba ka da wannan fitina."

"Wannan shawarar 'yan kasuwa ce, Baba. Masu zuwa filina maza suke so su ji kansu. Wa zai baro birni ya zo ya riƙe abin wasan yara?"

Ba a daɗe ba aka bugo masa waya daga ofis, aka ce ranar Alhamis ta sama za a turo jami'i ya duba filin. Bai tambayi abin da za a duba ba. Ya ce, "Muna nan, mun shirya," ya kashe wayar. Ya hau tudun ya zauna a kan taya yana kallon kwari, yana neman dabara. A can ƙasa kuwa lokacin askin tumaki ne, Za'al da Nayif suna ta fama.

Za'al da Nayif 'yan wa da ƙani ne, makiyaya, garkensu kwari ɗaya suke kiwo, rijiya ɗaya suke sha, su kansu kuwa ba sa ga maciji da juna. Abin da ya hana su kashe juna shekara da shekaru shi ne shaida. Tumakin Za'al jan rini ne a gadon baya, na Nayif shuɗi. To in aka yi aski, shaidar takan tafi da gashin, sai an sake kama kowace tunkiya an danne ta an shafa mata, aikin da ke karya ƙugu. Miflah ya yi ta kallonsu, can sai ya buga cinya ya gangaro gida a guje.

"Ummu Rakan! Doka ta ce bindiga, ko ba haka ba? To wa ya gaya miki bindigogi ne da ni?"

Intisar tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Me ne ne to, ludaya?"

"Kayan aikin makiyaya ne. Na'urar yi wa tumaki shaida daga nesa. In jami'i ya zo ya tarar garke biyu duk ni na yi musu shaida, bakinsa ya mutu. An taɓa ƙwace wa manomi garma?"

"Garma ba ta kama da abin kashe mutane."

"Ke ba ki san dabarun yaƙi ba."

"Na dai san inda ake sayar da fenti, kuma ba nisa. Abu Rakan, kada garin neman gira ka rasa ido."

Ya ce mata ai shi ya sa ba a ɗaukar irinta soja, ya ɗauki bindiga ya zagaya bayan gida don gwaji. Akwai ragon Hajji a ɗaure a wurin, wani ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho. Gefe guda kuma Intisar ta shanya dunƙulen busasshen nono a tabarma, na miyar shekara guda ta mansaf, shinkafa da naman da muke karrama baƙi da su, farare tas. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Miflah ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya kanne ido, ya ce su lura da yadda ake saiti, ba kullum za su samu wannan darasi kyauta ba. Ya harba. Ragon ko kunne bai kaɗa ba, amma dunƙulen nono suka koma kore. Ya sake harbawa, ya samu farar rigar Hajji ta Juma'a a kan igiya. Sai a na uku ya samu ragon, can ƙarƙashin wutsiya, inda ba a taɓa taɓa shi ba.

Ragon ya tsinke igiya. Ba mu san Miflah yana da gudu ba sai ranar. Ya zagaya rijiya, ragon na biye, ya tsallake tabarma, ragon ya bi ta kan nonon, a ƙarshe ya ɗare bishiyar ɓaure ya bar takalmi ɗaya a ƙasa.

"Abu Rakan, wannan ce dabarar ja da baya?" in ji wani maƙwabci.

"Tudu ake hawa a ga abokin gaba da kyau, jahili!"

Intisar ta tsaya ƙarƙashin bishiyar riƙe da dunƙule ɗaya a hannu. "Bana baƙinka koren mansaf za su ci. Kai za ka yi musu bayani, ni ba ruwana."

Wani da ya sha wannan kunya sai ya haƙura. Miflah washegari da sassafe yana kwari. Nayif ya yarda don an ce kyauta ne. Za'al ya yarda don kada a ce Nayif ya samu abin da shi bai samu ba. Aka tattara kowane garke a garkarsa, tumaki a cunkushe ba wurin sa ƙafa, inda ko makaho ya harba sai ya samu. Kafin azahar na Za'al sun yi ja, na Nayif sun yi shuɗi, ba wanda ya sunkuya. Za'al ya shafa ƙugunsa ya ce, "Wallahi Abu Rakan, ashe kanka ba na ɗaukar hula kaɗai ba ne." Wannan kalma ta ishi Miflah. Da yamma yana shagon Subhi yana gaya wa mutane su riƙa gaishe shi da kyau tun yanzu, don in aka fara kiransa a talabijin ba lallai ya samu lokacinsu ba.

Sai dai akwai wata magana da Miflah ke gaya wa masu wasa duk mako da bakinsa. Yakan ce, "Kada ku damu da tufafinku, fentin nan ruwa ɗaya ya fita." Ita ce tallarsa. Ya faɗe ta ba adadi, bai taɓa sauraron kansa ba.

Ranar Litinin da la'asar hadari ya taso, irin ruwan ƙarshen nan da ba a sa rai da shi. Garke biyu suna kwari. Tumakin suka ruga suka cure wuri ɗaya ƙarƙashin itatuwa, ruwa ya yi ta zuba, jan ruwa da shuɗin ruwa suna gangarawa rafi. Da aka ɗauke, tumaki suka fito fes, farare, ba ja ba shuɗi.

Makiyayi ya san tumakinsa da fuska, wannan gaskiya ne, ba mai musu. Amma ranar nan idon Za'al ya nuna masa duk tunkiya mai ƙiba tasa ce, idon Nayif ma abin da ya nuna masa ke nan. Wata gurguwa mai tari kuwa ta tsaya a tsakiya, kowannensu ya rantse bai taɓa ganinta ba.

Da safe suka zo ɗakin baƙin Hajji Awwad, kowa da dattawan gidansu, suka zauna bango da bango suna harara. Aka zuba musu gahawa. Za'al ya karɓi kofinsa ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Nayif ma haka. A wurinmu in baƙo ya ajiye kofi bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma gahawar nan za ta huce a gaban mai gida har sai ya ce an biya buƙatar. Hajji bai taɓa ganin kofi biyu a ƙasa lokaci ɗaya a ɗakinsa ba. Fuskarsa ta yi baƙi, ya aika a kira Miflah.

"Ga aikinka," in ji Hajji, yana nuna kofunan da sandarsa.

Miflah ya gyara rawaninsa ya yi wa surukinsa murmushi, wanda yake kira Ammi, wato baffa. "Ammi, wannan ai ƙaramin abu ne. Ku sha gahawarku, maganar tana wuyana."

"Wuyan nan naka ya sha ɗaukar kaya yana zubarwa," in ji Za'al.

"Ku saurara. Jibi Alhamis zan kawo runduna. Kowa ya nuna tunkiyarsa, ɗan uwansa ya amince, a harba mata launinta nan take. Kafin rana ta take an raba garke, kowa ya kora nasa ya shafa rininsa na gado. Jami'in hukuma ma zai zo ya gani da idonsa. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu."

"In aka sake ruwa fa?" in ji Nayif.

"Na duba sama. Soja ba ya kuskuren sama sau biyu."

Dattawa suka dubi juna. Ba don sun gamsu ba, sai don gahawa tana hucewa, suka ce a sha. Da aka watse Hajji ya riƙo hannun rigar Miflah ya ce a hankali, "Ka dai tuna sharaɗina."

"Ammi, 'yan sanda? In sun zo, sai dai su zo koyon aiki."

Rundunar da yake taƙama da ita ma'aikatan wani kamfanin inshora ne daga birni, waɗanda suka kama filin tun tuni don wasan ranar Alhamis. Suka iso da hantsi da shugabansu Ustaz Wa'il, mutum mai tabarau da sanyin murya. Miflah ya sa musu rigunan wasa masu dabbare-dabbare, ya raba musu baƙaƙen takunkumin rufe fuska, ya kwaso bindigogin kaf bai bar ko ɗaya ba. Shi kansa ya sa tsohuwar rigarsa ta soja wadda maɓallanta suka daina gaisawa, ya rataya usur a wuya.

"Yau ba a fili za mu yi ba," ya ce. "Fili ya yi wa aikin yau kaɗan. Kwari za mu sauka, bakin babban titi, don jami'i ya gani tun kafin ya fito daga mota."

"Abu Rakan, wannan yana cikin abin da muka biya?" in ji Ustaz Wa'il.

"Ƙari ne, Ustaz. Ba kowa nake yi wa ba."

Aka sauka kwari. Ja suka tsaya bayan Za'al, shuɗi suka tsaya bayan Nayif, tumaki a tsakiya, Miflah a kan dutse da usur. Da farko abin ya tafi daidai. Za'al ya nuna wata mai yagaggen kunne, Nayif ya ɗaga kai, aka harba mata ja. Nayif ya nuna wata mai baƙin goshi, aka harba mata shuɗi. Miflah yana ta leƙen titi, yana addu'a jami'i ya iso yanzu-yanzu.

Sai ga wata tunkiya ta fito daga cikin garke tana rangaji, mai ƙiba, wutsiyarta kaɗai ta cika faranti.

"Tawa!" in ji Za'al.

"Taka a ina? Ni na karɓi haihuwarta!"

"Ka karɓi haihuwarta a garkata? To ɓarawo ne kai tun ranar!"

"Ku harba!" suka faɗa tare.

Ja suka harba, shuɗi suka harba. Baiwar Allah ta koma shunayya daga kai har wutsiya, ta yi tsalle ta faɗa cikin 'yan uwanta. Za'al ya ɗaga sanda yana ihu, "Duk mai ƙiba ku sa mata ja!" Nayif ya ce, "Ku riga su, 'ya'yana, ku riga su!" Miflah ya busa usur, ba wanda ya ji sai karnukan makiyaya, su kuwa suka ɗauka kira ne suka afka cikin garke.

Mutanen inshora shekara guda suna yi wa juna murmushin dole a ofis. Wani ya kuskure tunkiya ya samu Ustaz Wa'il a ƙeya, ko kuma bai kuskure ba, Allah masani. Ustaz ya juyo ya ce, "Na gan ka, Samir! Na san kai ne!" Shi ke nan aka manta da tumaki, aka koma kan juna. Wani jan harsashi ya fashe a ƙirjin farar rigar Nayif, wani ya fashe a goshinsa. Jakin Za'al ya sha ɗaya a kunne, ya yi kuka ya nufi titi, tumaki kuwa duk inda jaki ya sa gaba nan suke bi. Garke biyu suka malale kan kwalta.

"Ku tare su! Ku tare su!" in ji Miflah, ya diro daga dutse ya bi su da bindiga a hannu, rundunarsa ta rufa masa baya.

To ka sa kanka a matsayin direban bas ɗin da ya kawo kai daidai lokacin. Ga mutane da rigunan yaƙi, fuska a rufe, baƙaƙen bindigogi a hannu, suna kora tumaki. Ga wani tsoho jina-jina yana kururuwa, "Ɓarawo! Za a kwashe mini dukiya!" Direba ya taka birki, mata suka sa salati, kowa ya kwanta ƙarƙashin kujera da waya a kunne. Daga bas ɗin nan kaɗai, an ce, kiran da ya shiga ofishin 'yan sanda ya ishe su na wata guda.

Ba su ɓata lokaci ba. Jiniya ta gabas, jiniya ta yamma, motoci suka datse titi, aka ɗaga lasifika: "Kowa ya ajiye makami ya kwanta!" Mutanen inshora suka zube kamar an sare su. Ustaz Wa'il fuskarsa a kwalta yana cewa, "Ni akawu ne, wallahi akawu ne, ku duba aljihuna!" Mutanen gari kuwa duk sun fito sun jeru a kan gangare, Subhi da rezarsa, Intisar da garin tankaɗe a hannu, Hajji Awwad a gaba dogare da sanda.

Miflah kaɗai ya rage a tsaye. Ya gyara rigarsa ya nufi babban ɗan sandan yana murmushi, bindiga a hannu.

"Sidi, ranka ya daɗe, an samu rashin fahimta ne. Wannan da kake gani ba bindiga ba ce, na'urar..."

"Ajiye ta!"

"Bari dai in nuna maka yadda..."

"Na ce ajiye!"

Ya sake ta. Ta faɗi a kan gindinta ta tashi, fat, shuɗin fenti ya bazu a gilashin motar 'yan sanda. Kafin ya ce wani abu ya ji shi a ƙasa, kumatunsa cikin abin da tumaki suka bari a kwalta, gwiwar wani a bayansa.

"Sidi, a yi a hankali, ni ma soja ne!"

"Wace runduna?"

"Ta barguna!" in ji Subhi daga kan gangare. Gari ya kwashe da dariya, har wani ƙaramin ɗan sanda ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Babban ɗan sandan ya ɗauki bindigar ya jujjuya ta, ya lakaci jinin goshin Nayif ya shinshina, ya yi tsaki mai tsawo. Ana cikin haka ƙofar wata 'yar farar mota ta buɗe. Tun farkon rikicin take maƙale a tsakiyar tumaki, gefenta ɗaya ja ɗaya shuɗi. Wata mata ta fito, mai matsakaicin shekaru, ta ratsa tumakin a natse tana ɗage gefen rigarta.

"Wane ne Miflah mai filin wasa?"

"Ga shi can kwance kusa da jaki," in ji mutanen gari baki ɗaya.

"Ni ce Hanadi, daga ofis aka turo ni."

Miflah ya ɗago kai iyakar yadda gwiwar ta bar shi. "Sitt Hanadi, barka da zuwa! Kin dai gani da idonki. Kayan kiwo ne, ba ruwansu da dokar bindiga."

"Na gani, har a jikin motata. Abu Rakan, ka ji dokar nan kuwa?"

"Tun ranar da ta fito."

"Har ƙarshe?"

Subhi ya yi gyaran murya a kan gangare.

Ta ce, "Dokar ta ware filayen wasa. Muddin bindiga tana cikin shinge, ka bar ta baƙa, ka bar ta yadda kake so, ba mai taɓa ta. Sai in ta fito waje ne take zama abin da ta yi kama da shi. Ni shinge kawai aka turo ni in duba. Na hango shi daga nan, ban ga mai kyansa ba a duk yankin nan. Da ka zauna a ciki kana shan shayi, da yanzu na gama na tafi."

"To ai sai a mayar da su ciki, Sitt. Yanzun nan, ni da kaina."

"Wannan kuma ba a hannuna yake ba," ta ce, ta dubi babban ɗan sandan. Shi kuwa tuni ya sa ana tsince bindigogin daga kwalta ana jefawa a bayan mota.

Aka bar Miflah ya tashi zaune. Yana kallo ana jefa su kamar itacen wuta, kowace ta faɗi sai ya runtse ido. Mun sha yi masa dariya, amma a wannan lokacin ya ba mu tausayi, don mun san tudun nan shi ya kwashe duwatsunsa da hannunsa, kuma shi ne wuri ɗaya a duniya da in ya yi magana ake yi masa biyayya. Bai ce lokacin da yake soja ba.

Saura tumaki. Ba ja ba shuɗi yanzu, kowace ta zama bakan gizo, Za'al da Nayif kuma sun koma cacar baki a kan shunayyar nan. Babban ɗan sandan ya ce ba zai bar su a titi ba, ba zai kuma damƙa wa kowa ko ɗaya ba sai dattawa sun zauna sun raba. Ya tambaya ko akwai wuri mai shinge a kusa.

Hajji Awwad ya gangaro a hankali har ya tsaya a kan surukinsa. "Akwai. Ƙasata ce, yau ta dawo hannuna. A zuba su a ciki."

"Ammi..." in ji Miflah.

"Sun zo ko ba su zo ba?"

Miflah ya dubi motocin da suka datse titi gabas da yamma. "Sun zo, Ammi."

"To. Zaitun bai nuna ba tukuna, buhu zai jira ka. Kafin nan kai za ka tsare tumakin nan, ka ba su ruwa, ka kwashe musu kashi." Ya karɓi sandar kiwo daga hannun Za'al ya miƙa masa. "Riƙe. Wannan ba ta kama da komai sai sanda."

Haka aka kora garke aka hau tudu, jaki a gaba, Miflah a baya da takalmi cike da fenti. Tumaki suka bazu cikin tayoyi da ganguna, gurguwar nan mai tari ta samu inuwa a rumfar da yake karɓar baƙi ta kwanta. Da la'asar Intisar ta hau kai masa abinci, ta tarar da shi zaune a bakin shinge yana jujjuya sandar, yana auna nauyinta a tafin hannu. Bai ji zuwanta ba. A hankali ya ɗaga sandar ya kafa ta a kafaɗa, ya kanne ido ɗaya, ya saita ta wajen titi.

"Sauke, Abu Rakan," in ji ta. "Ga bas can tafe."